Garin da Ya Kashe Duba-garinsa

Daminar bana ta cika shekara ashirin da biyar da rasuwar taubashina, Haruna, wanda mutanen Ƙaura Namoda suka fi sani da Haruna Duba-gari. Na ce rasuwa ne don haka aka saba rubutawa a jarida. Gaskiyar magana kashe shi aka yi, da rana tsaka, a ƙofar gidan wani mutum da ba su haɗa dangin iya ko na baba ba, a wani gari na ƙasar Zurmi. Ba zan faɗi sunan garin ba. Jikokin waɗanda suka yi abin suna nan, wasunsu ma ni na koya musu karatu, kuma garin kansa yau yana fama da abin da ya ishe shi.

Ɗan gwaggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuwa ya laƙaba mini Malam Ƙazami, wai don ina kafa kai a moɗa ba tare da na leƙa cikinta ba. Dogo ne, siriri, mai saurin tafiya kamar wanda ya baro tuwo a kan wuta. Yana da wata muguwar ɗabi'a: in ya shiga gidanka, bakinsa na gaisuwa idonsa na kan randa. Ranar da muka raka shi gaisuwar surukai, muna durƙushe ana ta yi mana albarka, sai na ga hannun bawan nan nawa ya miƙe a hankali ya ɗaga faifan da aka rufe randar surukarsa. Na yi shekaru ina yi masa tsiya da wannan, bai taɓa jin kunya ba ko sau ɗaya.

Gadon aikin ya yi. Mahaifinsa duba-gari ne tun zamanin En'e, lokacin da jirgin ƙasa ke cika Ƙaura da baƙi da gyaɗa da ƙudaje. A wancan zamani duba-gari yakan shigo gida da ɗan doka a bayansa. In ya ga tsutsa a randa sai ya fasa ta a tsakar gida, a tasa maigida gaba zuwa wurin alƙali. Laifin naka ne kai kaɗai, kuma a gaban matanka da 'ya'yanka za a nuna maka shi. Haruna yakan ce abin da tsohonsa ya koya wa mutane ba tsafta ba ce, ɓuya ce. Da an hango duba-gari mata za su sanar da juna ta kan katanga, a tura tukwane ƙarƙashin gado. In agana ta shigo gari, a cusa yaro mai ƙuraje cikin rumbu har masu lamba su wuce. Mutane suka tashi da sanin cewa ciwo abin kunya ne, wanda ya bari aka gani kuma shi ya jawo wa kansa.

Shi kuma ya fara aiki ne a zamanin soja, lokacin da ake ware rana guda a wata don sharar gari. Nan abin ya juya. In aka ga kwata ɗaya ta toshe, duk mazan layin za a fito da su, da mai laifi da marar laifi, da yaro da mai furfura, a sa su tsallen kwaɗo ana tsula musu bulala. Na taɓa ganin wani tela, dattijon kirki, yana tsallen nan har ya faɗi fuskarsa ta daki bakin kwata, saboda sharar da maƙwabcinsa ya zubar. Haruna na tsaye a wurin da kakinsa, ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce mini sandar ɗaya ce: jiya an doki mutum ɗaya saboda gari, yau ana dukan gari saboda mutum ɗaya, kwatar kuwa tana nan a toshe, don ba wanda aka taɓa zama da shi aka tambaye shi yadda za a gyara ta.

Da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, duk mun yi murna, amma tasa ta fi ta kowa. Gani yake tunda gwamnati ta matso Gusau, magana za ta riƙa isa kunnen manya kafin ta huce. Aka mayar da shi Shinkafi, ya yi ta fama da mahauta da masu tuwo-tuwo a kasuwar Alhamis, daga nan aka tura shi ƙasar Zurmi. Sai ga Shari'a. Tare muka shiga motar zuwa Gusau ranar da jama'a suka yi dafifi wurin ƙaddamar da ita, na ga hawaye a idonsa. A hanyar dawowa ya yi ta yi mini karatu, ni da nake malamin makaranta. Ya ce yanzu ne aikinsa zai sami gindin zama, don addini ya riga ya raba abin gida biyu. Akwai farillar da ke kan kowa shi kaɗai, kamar salla, ba mai yi wa wani. Akwai kuma farillar kifaya, kamar jana'iza, wadda in wasu suka yi ta an sauke wa kowa, in kuwa aka bar ta, zunubin ya hau kan gari duka. Ya ce wanke hannu da tsaftar masai na cikin ta farko, rijiya da kwata da mahauta na cikin ta biyu. Na ce masa to Shehu, Allah ya sa a fahimce ka.

Ba a fahimce shi ba. Dattawa da malamai sun san abin da yake nufi, amma samari da yawa abin da ya shiga kunnensu daga Shari'a hukunci ne kawai. An daɗe ana cin zalin talaka, yanzu kowa jira yake a nuna masa mai laifi ya ga an hukunta shi. Laifi kuwa tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Garin da aka tura shi yana da babbar rijiya guda a tsakiya, kowa daga nan yake sha. Bakinta ya zube tun daminar da ta gabata, har ƙasar gefenta ta koma gangare. Mata kuma a nan suke wanki tun kaka da kakanni, don ba mai son ɗaukar tulu zuwa gida saboda tsumma. Ruwan wanki ya kwanta, in an yi sama ya gangara ya koma ciki. Haruna ya je wurin mai gari, aka kira gayya don a ɗaure bakin rijiyar. Da rani aka ce maza sun tafi cin rani. Da ruwa ya sauka aka ce ana shuka, daga shuka sai noma, daga noma sai maimai. Liman ya yi huɗuba a kai, kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Ranar gayyar ƙarshe, daga Haruna sai liman sai wasu tsofaffi da ko kwando ba sa iya ɗauka. Rijiyar ta kowa ce, shi ya sa kowa ya bar wa wani.

A cikin garin akwai wani mutum, Tanko mai gishiri, wanda ke saro gishiri da kanwa a kasuwar Shinkafi yana kasawa a ƙofar gidansa. Wata Alhamis ya dawo da amai da gudawa. Matarsa ta rufe shi a ɗaki, ta ce wa masu tambaya zazzaɓi ne. Tsoro take ji kada duba-gari ya ji a kwashe mata miji zuwa rumfar bayan gari, a yi wa gidan feshi jama'a na kallo, a daina sayen gishirinsu. Abin da ta ga uwarta na yi shi ta yi. Tanko yana cikin hayyacinsa, kuma ya yarda a yi shiru. Ta kwashi kayan da ya ɓata ta wanke a bakin rijiya kamar yadda kowace mace ke yi, da yamma aka sheƙa ruwa. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Tanko ya tashi, matar ce ta mutu, sannan ciwon ya shiga gidajen mutane yana ɗibar yara.

Ni hutun makaranta ya same ni a Ƙaura. Gwaggo ta kira ni ta ce in je in dawo mata da ɗanta, ta ji ana cewa garin ya zama makabarta. Na same shi ya rame, idanu sun faɗa, shi da malamin asibitin sha-ka-tafi suna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin azarar rumfa, marasa lafiya kwance a kan tabarmi. Ya riga ya zuba wa rijiyar magani ya rufe ta da ƙaya, ya ce kowa ya ɗebo daga rafi ya tafasa. Mutane sun cika da shi saboda wannan, don rafin da nisa, itace kuma jiƙe yake. Da na isar da saƙon gwaggo sai ya yi dariya, ya ce in koma in gaya mata bawa ba ya barin gona sai ubangida ya zo karɓarsa, kuma ubangidan da aka aiko ƙazami ne, kada in kuskura in sa wani abu a baki a garin nan sai ya gani.

Washegari da hantsi aka yi jana'izar yara biyu 'yan gida ɗaya. Uban ya sa su a kabari da hannunsa, bai yi kuka ba. A wurin zaman makoki kuwa wata maƙwabciyar Tanko ta riga ta faɗa wa mata abin da ta gani ana wankewa a bakin rijiya, maganar ta fito waje ta iske maza a makabarta. Aka shafa fatiha amma ba wanda ya kama hanyar gida. Na ga mutane sun dunƙule wuri guda, hannuwansu riƙe da diga da shebur da galmar da aka yi haƙa da su, ana cewa wake ɗaya ke ɓata gari, ana cewa yanzu zamanin Shari'a ne, wanda ya kashe a kashe shi. Haruna ya dube su, ya dube ni, sai kawai ya zuba da gudu ta wani lungu. Na bi shi.

Kafin su iso ya riga ya tsaya a ƙofar zauren Tanko, ya dafe dogaran ƙofar biyu da hannuwansa. Tanko na ciki kwance, ko tsayuwa ba ya iya yi sosai, ga ƙananan 'ya'yansa da suka rasa uwa. Liman ya iso yana haki, ya shiga gaban jama'a yana cewa wannan ba Shari'a ba ce, Shari'a tana da alƙali da shaidu, kuma ba a kashe mutum don ya yi ciwo. Aka ture shi, rawaninsa ya faɗi cikin taɓo aka bi ta kai. Wani ya ce duba-gari ya kauce, ba da shi ake ba. Har yau ina jin muryar Haruna, ba ta ko rawa:

"Tanko ya yi laihi, ya ɓoye, kuma ni da kaina za ni kai shi gaban alƙali. Amma sau nawa anka kira gayyar rijiyar ga? Wa yaz zo cikinku? In mai laihi za a kashewa, ku hwara da ni, don tana rushewa ina kallo. In kun gama sai ku bi gida-gida, kowa shi hiddo nashi maigida."

Gaskiya ya faɗa, amma na sha tunanin da bai faɗe ta haka ba. Bawana bai iya tauna magana ba, halinsa ke nan tun yana yaro. Mutumin da ƙasar kabarin ɗansa ba ta bushe a hannunsa ba, ba ya son a ce masa yana da kaso a cikin mutuwar. Na ga fuskoki sun canza. Dutse ya fara zuwa ya same shi a ƙirji, bai saki ƙofar ba. Na biyu ya fasa masa gira. Na kutsa don in kai gare shi, wani ya maka mini shebur a baki, na faɗi ina tofar da haƙora. Daga ƙasa, ta tsakanin ƙafafun mutane, na ga ƙotar galma ta ɗaga sama ta sauka a kansa. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, aka ƙara masa a ƙeya, ya kife a bakin ƙofar, jikinsa ya tare ta. Wasu suna ta ƙoƙarin cinna wa darnin gidan wuta, karan jiƙe, sai hayaƙi. Da jini ya malalo ya gauraye da taɓo har ya taɓa ƙafafun na gaba, sai suka ja da baya. Ba wanda ya iya tsallake shi ya shiga. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, kowa ya saɓa kayan haƙarsa ya tafi kamar wanda ya taso daga gona.

Ni da liman da malamin asibiti muka sa shi a bayan wata a-kori-kura muka nufi Ƙaura. Ruwa ya cinye hanya, muna tafiya muna turi. Kansa na kan cinyata, na naɗe shi da rigata, jinin bai tsaya ba. Sau ɗaya ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Ya ce, "Ƙazami, kak ka bari su buɗe rijiyar." Liman ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa na motsi. Muna hango fitilun tashar jirgi ba a ma kunna su ba, rana da sauranta, ya cika.

'Yan sanda sun je sun kwaso mutane cike da mota. Kowa ya ce yana wurin, kowa ya ce bai ɗaga hannu ba. Aka tambaye ni, na ce na ga ƙota ban ga mai ita ba, kuma iyakar gaskiyata ke nan. Gari ya haɗe baki, a hankali aka sako su. Bayan sadakar arba'in dattawan garin suka zo Ƙaura neman sulhu, suka zauna a zauren gwaggo, ita tana daga bayan labule. Suka ce tsautsayi ne, sharrin Shaiɗan ne, ba za a iya cewa wane ba ne, taron jama'a ne, gari duka ya ɗauki nauyi, a bar kaza cikin gashinta. Ta bar su suka gama. Sannan ta ce:

"Da ciwo yaz zo kun ce mutum guda na. Da kunka kashe min ɗa kun ce ku duka na. Ku tashi ku tahi, na bar ku da Allah."

Ba ta karɓi abin da suka zo da shi ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban ji ta sake ambaton sunan garin ba. Rijiyar kuwa an ɗaure bakinta tun a makon da aka kashe shi. Ko kunya ce ta fito da su ko tsoron hukuma, ban sani ba. Liman ya gaya mini ba mai yi wa wani magana a wurin aikin, kuma kafin azahar an gama.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo yau. Zai ga mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa ya ja katanga, marar hali yana sayen ruwan leda, ledar kuma ta toshe kwatar da ke gaban gidajensu su biyun. Zai nemi duba-gari a kasuwar hatsi ya sha wahala kafin ya ga ɗaya. Kowa ya koma likitan kansa, in annoba ta zo a ce gwamnati, gwamnati kuma ta ce jama'a ba sa tsafta. Abin da zai fi ƙona masa rai shi ne hanyar Zurmi da Shinkafi, wadda muke bi da babur ba fargaba, yau sai da addu'a. 'Yan bindiga su ƙone ƙauye ɗungurungum saboda abin da mutum ɗaya ya yi musu, masu ramuwa su tare bawan Allah a kasuwa su yanka shi saboda abin da danginsa suka yi. Na san zai ce tsohuwar sandar nan ce, an dai sa mata bakin ƙarfe. Ba na jin zai ce Shari'a ce ta gaza. Zai ce mun ɗauki rabin da ke hukunta wani, mun ajiye rabin da ke ɗora mana aiki.

Ba titi da sunansa, ba asibiti, kabarinsa ma ni kaɗai na rage da zan iya nuna shi. Na daɗe ina ganin jininsa ya zuba a banza, kuma na faɗi haka a gaban mutane ba sau ɗaya ba. Bara ne na rage faɗa. 'Yan bindiga sun tashi garin nan, mutanensa suka kwararo Ƙaura, aka zuba su a wata makarantar firamare kusa da unguwarmu, iyali kan iyali a aji ɗaya, rijiya ɗaya, masai ɗaya. Muna cikin masu kai musu abinci. Wata safiya ana rabon koko sai ga wani tsoho ya fito daga aji, ya rungumo jikarsa, ya tsaya a tsakiyar fili inda kowa zai gan shi. Ya ɗaga murya ya ce yarinyar nan tun asuba take amai da gudawa, daga ɗakinsu ne, kada kowa ya taɓa bokitinsu, a kira ma'aikatan lafiya, a kuma tsare rijiya. Surukarsa na jan rigarsa tana cewa ya rufa musu asiri, bai ko waiwaye ta ba. Mutanen da ke tsaye a filin, 'ya'ya da jikokin masu diga da shebur ne. Na ga sun dubi juna. Sai wani saurayi ya ruga neman keke napep, wasu suka tsaya gadin rijiya, mata suka hura wuta aka ɗora ruwa.

Sai da aka tafi da yarinyar na gane shi, shi kuwa tun ranar farko ya gane ni, da giɓin bakina. Tanko ne. Muka zauna a gindin wata darbejiya, na ce masa ya yi ƙoƙari, don na san abin da zai iya biyo baya a wuri irin wannan, cikin mutanen da suka riga suka rasa komai. 

"Malam," ya ce, "na hwarko na ɓoye, wani yab biya da kainai. Yanzu in na ɓoye, wa za ya tsaya min bakin ƙohwa? Ba ni da Haruna na biyu."

Allah ya jiƙan bawana, ya sa jininsa ya zame masa shaida. Yarinyar ta warke, kuma ciwon bai wuce ajinsu ba.